Albany ko Lake Placid: Ina Ya Dace da Gasar ECAC?

Albany, babban birnin jihar New York, ya karɓi baƙuncin wasannin ƙarshe na gasar hokin ƙanƙara ta jami'o'in ECAC (ƙungiyar wasanni ta wasu jami'o'in arewa maso gabashin Amurka) daga 2003 zuwa 2010. Birnin yana da filin jirgin sama da masauki wadatacce, kuma magoya bayan Union da RPI, biyu daga cikin makarantun da ke buga gasar, suna kusa da shi ƙwarai.

Lake Placid kuwa ɗan ƙaramin gari ne a tsaunukan Adirondack, hanyarsa tana da wahala idan dusar ƙanƙara ta sauka. Amma a filinsa ne ɗaliban Amurka suka doke Tarayyar Sobiyet a gasar Olamfik ta 1980, kuma idan baƙi suka cika babban titinsa sanye da rigunan makarantunsu, garin gaba ɗaya yakan koma dandalin biki. A ganina, mayar da gasar can a 2014 ya yi daidai.