Tsohon Gidan Ƙasa da Ya Koma Wurin Aiki a Argungu

Mayar da tsohon gida wurin jama'a ba baƙon abu ba ne a Argungu. Gidan Tarihin Kanta fada ce da aka gina a 1831, sarakuna suka zauna cikinta har 1942, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1958. Gidan da ake magana a kansa a nan bai kai wancan girma ko shekaru ba. Gidan wani attajiri ne a cikin gari, ginin tubali da rufin azara, magada suka ba da shi haya aka mai da shi wurin aiki na tarayya. Teloli, masu zane a kwamfuta, masu hoto da ɗalibai, kowa ya biya kuɗin kujerarsa na yini ko na wata.

Rabon ɗakunan ya yi ma'ana. Zaure na karɓar baƙi ne, mai karɓar ɗinki ba ya wuce nan. Shigifa ta masu kwamfuta ce, ɗakunan ciki na mata masu ɗinki da saƙa, soron maigida mai ɗaurin guga (rufi mai baka) kuwa na taro, yana ɗaukar mutum kamar 20 a kan tabarma.

Abin da mutum yake saye da kuɗinsa a nan sanyi ne. A Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bango mai kaurin kusan rabin mita yana shan rana a hankali, sai fanka ɗaya ta wadatar da ɗaki har la'asar. Amma zafin da ya sha da rana da dare yake amayar da shi, don haka mai aikin bayan isha'i gara ya fito tsakar gida. Tagogin ƙanana ne, ko da tsakar rana sai da fitila, tela kuma sai ya fita waje kafin ya bambance baƙin zare da shuɗi mai duhu.

Masu gyaran sun san abin da suke yi a wurare biyu. Ba su ɗora faifan sola a kan rufi ba, rumfar ƙarfe suka kafa masa a tsakar gida. Huda rufin ƙasa don ɗaure ƙarfe hanya ce ta ruwa, ruwa ya ruɓar da bakin azara, gara ta ƙarasa. Ba su kuma sa silin ba, duk da rufin yana ɗan zubo da gari a kan tebur. Silin ɓoye gara yake yi har sai azara ta karye.

Inda suka yi kuskure shi ne shafa siminti a gindin bangon tsakar gida. Siminti ba ya kama ƙasa, ba ya kuma barin danshi ya fita. Ruwa ya shiga ta tsaga ya maƙale a baya, tubali ya yi laushi. Ƙwanƙwasa wurin da yatsa za ka ji yana amsawa kamar ganga, alamar ya riga ya rabu da bango. Maganinsa a ɓamɓare shi, a bar wurin ya bushe, magini ya sake yaɓe da ƙasa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Indararo biyu ma sun yi gajarta, ruwansu a jikin bango yake sauka. Wannan aikin kafin damina ta kankama a Yuni ya kamata a yi shi.

Wutar tana isa idan an yi lissafi. Kwamfutar cinya 10 a kan wat 60 kowace, fanka 4 a kan wat 70, da fitilu, jimla kusan wat 1,000 ke nan, inbata mai kVA 2.5 tana ɗauka ba gardama. Da zarar tela ya jona dutsen guga mai wat 1,000, wani kuma ya kunna firinta mai dumama hoda, sai komai ya ɗauke, mai kwamfutar tebur ya rasa aikin da bai ajiye ba. Dutsen gawayi zai kashe wannan rigimar, kuma teloli sun saba da shi.

Intanet kam ba ta gamsar ba. Na'urar wayfay ɗaya ce a zaure, kuma kaurin bangon da ke hana zafi shiga shi ke hana sigina wucewa. Shigifa tana samu, ɗakunan mata sai dai kowa ya kunna datarsa. Waya za a ja zuwa na'ura ta biyu a ƙarƙashin rumfa, a bi da ita cikin bututun roba a saman bango kamar yadda aka yi wa wayoyin wuta, ba a sare ƙasa ba. Banɗaki ɗaya ga maza da mata shi ma bai dace ba.

Mai son biyan kuɗin wata ya fara biyan na yini, ya zo tsakanin ƙarfe 2 da 4 na rana, lokacin da kowa ke jan wuta, ya gwada sigina a kujerar da za a ba shi. Ya kuma guji ɗakin da bangonsa ke fuskantar yamma, shi ne ya fi ɗaukar zafi.