Shenandoah da kare: ya ci kuɗinsa

Masu kare a Amurka, in za ku hau dutse ku gwada gandun dajin Shenandoah a Bajiniya, don yawancin gandun dajin ƙasar nan ba sa barin kare ya bi sawun daji, nan kuwa cikin sama da mil 500 na hanyoyin ƙafa kaɗan ne aka hana, irin su Old Rag da Dark Hollow Falls, to kar ka ɗauko shi ka nufi can.

Skyline Drive, hanyar motar da ta ratsa gandun, mil 105 ce kuma ba a wuce mil 35 a awa, wallahi da farko sai ka ji kamar ana ja maka rai, amma ga wuraren tsayawa birjik, ka faka ka zuba masa ruwa a kwano ya sha iska. Igiya dole, kar ta wuce ƙafa 6, kuma gaskiyarsu ne don barewa na fitowa bakin titi ba tsoro.

Kaska fa akwai ta sosai lokacin zafi, da kun sauko a duba bayan kunnuwa da tsakanin yatsu, a zo da ledar kwashe kashi. Ni na ba su 9 cikin 10.