Motar haɗi ta 1/24: wane kwali ya cancanci kuɗinka?

Tun kafin a zo maganar kamfani, a bambanta abu biyu da masu sayarwa ke yawan cakuɗawa. Akwai ƙaramar motar ƙarfe da aka gama ƙerawa aka fente, irin Hot Wheels, wadda aikinka da ita ajiya ce kawai. Akwai kuma kwalin haɗi: sassan roba maƙale a jikin rassa, sai ka yanko, ka goge, ka manna, ka fente da hannunka. Wannan na biyun muke magana a kai. Girman da ya fi dacewa da mai farawa shi ne 1/24, wato motar da tsawonta ya kai mita 4.5 za ta fito kusan santimita 19. Ta isa hannu ya riƙe sitiyarinta da hantsaki, ba ta kuma cinye kanta ba. Kamfanonin Amurka sun fi yin 1/25. Bambancin kaɗan ne, amma idan ka jera su kusa da juna ido yana gani.

Ni dai Tamiya nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni, kuma ba na ɓoye hakan. Kamfanin yana Shizuoka a Japan, ya fara da sana'ar katako a 1946 kafin ya koma roba. Abin da ya sa nake fifita shi ba tarihi ba ne, zaman sassa ne. Ɗauki gilashin gaba ka ɗora a bodi ba tare da gam ba: zai zauna daram, babu ratar da tsinken sakace zai shiga. Wannan ne gwajin da nake auna kowane kwali da shi, domin gilashi ne sashi ɗaya tilo da ba ya yafe kuskure. Bamba in ta ƙi zama sai a kankare, a cike, a sake fenti. Gilashi kuwa in ka matsa masa ya tsage, ko gam ya taɓa shi ya yi hazo, aikin makonni ya tafi, kuma a daidai lokacin da fenti ya riga ya bushe, ba halin komawa baya.

Haka ma shigar ƙasan mota cikin bodi. A kwalin Tamiya ana ɗan buɗa gefen bodin, ƙasan ya shige ya kama a gaba da baya, tayoyin huɗu su taka ƙasa tare. A cikin kowace ƙafa akwai ɗan zoben roba mai laushi da ke riƙe tayar ba tare da gam ba, tana juyawa, kana iya cire ta ka mayar. Takardar umarninsu tana nuna launin kowane sashi da lamba: X mai sheƙi ne, XF marar sheƙi, TS gwangwanin feshi. Sababbin kwalayensu da yawa suna zuwa da takardar rufe gilashi da aka riga aka yanka, don zana baƙin layin gefen gilashi ba tare da hannu ya karkace ba. Don farawa, Mazda MX-5 ɗinsu ta zamani ta yi: babu inji a ciki, sassan ba su yi yawa ba. Wanda yake son ya haɗa inji ya nemi Volkswagen Beetle ta 1966 ko Nissan Skyline GT-R samfurin R32.

Aibinsu biyu ne. Tsada, sannan wasu tsofaffin kwalayensu na wajen 1980 an ƙera su ne don a saka musu batir su yi gudu, shi ya sa cikin motar yake fitowa ba zurfi, kujeru kamar an danne su.

Sauran kuwa: Aoshima ta fi kowa motocin da muke gani a titi, har da Hilux da Hiace, sai dai ingancinta ya danganta da shekarar kwalin. Fujimi bodi mai kyau, ƙasan mota sai haƙuri, jerinta na Enthusiast kuma ba na ɗan koyo ba ne. Hasegawa ta iya tsofaffin motocin Japan da na tsere, ba laifi. Revell tana da sauƙin kuɗi da injuna masu kyau, amma kwali ɗaya sabon mazubi ne, na kusa da shi tsoho. AMT da MPC da yawansu mazuban shekarun 1960 da 1970 ne, za ka yi kankarar rarar roba har ka gaji. Italeri a bar mata manyan motocin dakon kaya.

Kwali kaɗai ba ya zama mota. Gam ɗin da ya dace shi ne mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin, kwalba mai koren murfi, mililita 40. Ba shafawa ake yi a manna ba: ana haɗa sassan biyu tukuna, a taɓa bakin haɗin da ɗan buroshin, ruwan ya bi layin da kansa ya narkar da robar ta zama ɗaya. Kada yatsanka ya kasance a kan layin, don zai bi ƙarƙashinsa ya bar zanen yatsa a bodi. Ba ya kama fenti ko sashi mai ruwan azurfa sai an kankare wurin. Sufa gulu kuma kada ya kusanci gilashi, tururinsa ne ke barin farin hazo. Farin gam na kafinta ya wadatar, yana bushewa garau.

A fenti, gwangwanin TS ya fi sauƙi ga bodi. A wanke bodin da sabulu, a goge layin mazubi da samfefa mai lamba 600 sannan 1000, a fesa fentin shimfiɗa, a bi da 1500. Feshi daga nisan santimita 20 zuwa 25, hannu yana tafiya, sau biyu sama-sama da tazarar minti 15, na uku ya ɗan jiƙe. A bar shi kwana biyar zuwa mako kafin a taɓa. Ƙananan sassa kuma fentin kwalba na akirilik da buroshi, a sirka da tinarsa X-20A. Fenti mai ƙarfi, irin TS, shi ne a ƙasa kullum. In ka fesa TS a kan fentin mai, zai tattare kamar fatar tsohuwar jaka. Yanayinmu ma yana da nasa hukuncin: da hunturu ƙura tana sauka kan ɗanyen fenti, don haka a kifa roba mai tsabta a kansa nan take, da damina laima tana sa sheƙi ya dushe ya yi fari-fari, a jira rana mai bushewa. A yi feshin a waje, da takunkumi.

Yanzu ga inda kuɗi ke salwanta. Yawancinmu ta intanet za mu yi oda, kuma a nan ne ake cuta iri-iri. Ta farko ita ce hoto. Mai sayarwa zai saka hoton motar da gwani ya gama, tana walƙiya, ba zai ce maka babu gam babu fenti a ciki ba. Wani kuma akasin haka, ka biya kuɗin kwalin haɗi a aiko maka motar wasan yara. Nemi lambar kwalin. Motocin Tamiya na 1/24 galibi lambarsu tana farawa da 24, lambobi biyar ne. Saka ta a shafin Scalemates, za ka ga shekarar da aka fara yin mazubin, da duk lokacin da aka sake masa kwali. Da haka ake gane tsohon zance a sabuwar riga.

Ta biyu jabu ne. Akwai kwafin da ake zubawa daga sassan asali, kwalin ya yi kama, har da tambari mai kama da na Tamiya, wato taurari biyu a kan ja da shuɗi. Alamominsa: rubutun kwali ya ɗan dushe, layukan ƙofa sun cike, rarar roba a bakin kowane sashi, gilashi mai gajimare. Na asali yana ɗauke da sunan kamfani da shekara a jikin reshen robar. Amma kada ka ƙi kwali don an rubuta an yi shi a Filifin. Tamiya tana da masana'anta a Cebu, nata ne. Gam da tef ɗin rufe fenti ma ana jabunsu. Tef na jabu ko ya bar danƙo, ko ya ɗago fentin gaba ɗaya ranar da ka zo cirewa, don haka a gwada shi a kan cokalin roba da aka fesa tukuna.

Ta uku kwalin hannu, wanda aka buɗe. Sau da yawa "ba a taɓa ba" yana nufin an yanko sassa biyar an fasa. Ka ce a ɗauko maka hoton kowane reshe a cikin ledarsa, da gilashi daban, da takardar sitikar ruwa kusa-kusa. Sitikar da ta yi rawaya ko ta yi ƙananan tsagu za ta wargaje da zarar ta shiga ruwa, kuma a motar tsere sitika ce rabin kyan. Duba tayoyi ma: tsohuwar taya in ta daɗe kwance kan gilashi ko bodi tana cin robar ta bar tabo mai zurfi. Kwalin da ya sha rana a shago ko a bayan mota rufin bodinsa yana lanƙwashewa, ginshiƙan gilashi su karkace.

Sai batun gwangwanin feshi. Kamfanonin jigila da yawa ba sa ɗaukarsa ta jirgin sama, saboda haka duk wanda ya yi maka alkawarin kawo shi cikin kwana uku a farashi mai rahusa, tambaye shi ta wace hanya. Kuma karanta lambar da kyau: PS na bodin motocin rimot ne, wata roba ce daban, ba TS ba ne ko da launin ya zo ɗaya. Idan dole ta sa ka koma ga feshin kasuwa na masu fentin ƙofa da babur, sani cewa tinarsa tana da zafi, tana iya cin robar ta yi ƙuraje. Fesa shi a kan guntun reshen kwalin da ka riga ka yi wa fentin shimfiɗa, ka bar shi ya kwana, ka duba da safe kafin ya taɓa bodin.