Bindigar Kaka ashe ba 'yar Ingila ba ce

Tun muna yara ake ce mana bindigar farautar Kaka, Allah ya jiƙansa, ƙirar Ingila ce, don kuwa an zana "W. Richards" a gefenta. Da ta faɗo a rabona, sai na biya wani masanin tsofaffin bindigogi ta intanet ya duba min asalinta.

Farkon abin bai min daɗi ba. Kwana tara shiru, sannan ya ce hotunan da na tura ba su da amfani, in cire katakon ƙasa, in raba bututun da ƙota, in goga alli a wurin. Na yi tsaki, amma na bi. Ai kuwa alli na shiga sai ga ƙananan hatimai sun fito ɓaro-ɓaro, waɗanda shekara da shekaru ban san da su ba.

Nan mutumin ya ci kuɗinsa. Haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, ya ce hatimin gidan gwajin bindigogi ne na Liyej a Beljiyam, kuma kambin da ke samansu daga 1893 aka fara sa shi. Kusa da shi akwai rubutun Faransanci, "non pour balle", wato bakin a tsuke yake, ba na dunƙulallen harsashi ba ne, an kuma daina buga wannan a 1897. Tsakanin shekarun nan aka ƙera ta ke nan. Sunan Turancin kuwa dabarar kasuwa ce, don mai saye ya zaci aikin kamfanin Westley Richards na Birmingham a Ingila ne. Baffa har yau bai yarda ba.

Inda ya gaza shi ne sunan maƙerin, alhali shi tallarsa ta fi kururutawa. Na so in ji Pieper ko Francotte, sanannun maƙeran bindigogi na Liyej. Ya ce a Liyej ta lokacin wani ke yin bututu, wani kunama, wani ƙota, kowa a gidansa, ɗan kasuwa ya harhaɗa. Harafi mai tauraro da na ɗauka sa hannun maƙeri ne, ashe na ma'aikacin gwaji ne.

Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in sa mata harsashin zamani. Bututun na murɗaɗɗen ƙarfe ne, babu hatimin zaki da haruffan PV mai nuna an gwada ta da albarushin zamani, da baƙin albarushi kawai aka gwada ta. Na shafe ta da mai, na mayar cikin buhun da Kaka ke naɗe ta.