Cikin gari ko bayan gari? Amsa ga mai neman tashi daga gidan haya a Birnin Kebbi

Ɗan'uwa, ka ce kana ciki da falo a Nassarawa, yara sun ƙaru, haya ta kusa ƙarewa, kana tunanin ko ka sabunta ko ka kama gida mai ɗaki uku wajen Bayan Kara ko Gesse.

Cikin gari dai ka san abin da kake da shi. Babbar kasuwa kusa, Asibitin Sir Yahaya kusa, Islamiyyar yara da ƙafa ake zuwa. In uwargida ta fita unguwa akwai maƙwabciyar da za ta duba mata yara, wannan kuwa ba a sayensa da kuɗi. Abin da ke korar mutane shi ne matsi: ban-ɗaki ɗaya gida uku, layi tun asuba, mita ɗaya ana rigimar wa ya kunna hita, ga kwata a ƙofar zaure. Sai zafin Maris da Afrilu, lokacin da ɗakin kwano mara silin ba ya kwantuwa, tsakar gidan kuma ba ta isa kowa ya baza tabarma.

Bayan gari akwai sarari da iska da sirri, ƙofarka taka ce kai kaɗai. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991 garin ke miƙewa, Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 ta ƙara jan gine-gine ta hanyar Kalgo. Sai dai gini ya riga famfo da kwalta isa wurare da yawa. Gidan da ba burtsatse, ɗan garuwa ne abokinka kullum, kuma kurarsa ba ta shiga layin da ya yi caɓi. Tun cire tallafin mai a 2023, kuɗin kabu-kabu na kai yara makaranta da komowa kan cinye abin da kake ganin ka rage. Yi lissafin na wata, ka tara da hayar, ka sa ladan dillali.

Ni a ganina yawan ɗaki ba shi ke zaunar da mai haya ba. Ruwa ne, da halin mai gida. Na ga wanda ya bar ɗaki biyu ya koma uku, shekara na zagayowa aka ƙara masa kuɗi, ya sake ɗaure kaya a akori-kura.

In aikinka da makarantar yara suna cikin gari, sabunta shekara ɗaya, rarar ka zuba a fuloti mai takarda. In matsin ya kai 'yan mata da samari na kwana ɗaki ɗaya, tashi kawai. Amma ka je duba gidan a watan Agusta bayan an sheƙa ruwa, ka dubi gindin katanga ko da shaidar laima, ka tambayi mai shagon layin sau nawa aka sauya 'yan haya a gidan, sannan a rubuta yarjejeniya gaban shaidu kafin ka miƙa ko sisi.