Ma'aikacin banki a Old School RuneScape da na World of Warcraft: wanne ya fi amfani?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko aikin ma'aikatan bankin da ke cikin wasannin intanet ɗin nan biyu ɗaya ne, da kuma ko kuɗi na ƙaruwa idan an ajiye a wurinsu. Ta biyun amsarta gajera ce: babu mai ba da bashi a cikinsu, babu kuɗin ruwa, abin da ka ajiye shi za ka tarar. Dukansu kuma kwamfuta ce ke juya su, ba 'yan wasa ba. Sai dai nauyin da ke wuyansu ya sha bamban.

A Old School RuneScape, wanda kamfanin Jagex na Ingila ya fitar a 2013, ba ka da wasa sai da ma'aikacin banki. Jakarka gurbi 28 ce kawai. Kana sarar itace ko kamun kifi, nan da nan ta cika, sai ka nufi bankin wani gari na cikin wasan, kamar Draynor ko Varrock ko Al Kharid. Duk ma'aji ɗaya ne, abin da ka ajiye a Lumbridge za ka karɓa a Falador. A wurinsa kaya iri ɗaya gurbi ɗaya suke ci komai yawansu. Kuma yana iya mayar maka da su takarda, ka ɗauki itace dubu a gurbi guda ka kai Grand Exchange, babbar kasuwar wasan, ka sayar. Wannan dabarar ita ta fi burge ni, don da babu ita da cinikin manyan kaya ya zama wahala zalla.

Ga kuma tsoron asara. Kuɗi a wannan wasan kaya ne da ke zaune cikin jaka. Ka shiga Wilderness, dajin arewa inda 'yan wasa ke farautar juna, wani ya kashe ka, yawanci abu uku mafi tsada ne za su rage maka, sauran ya kwashe. Abin da ke hannun ma'aikacin banki kuwa babu mai taɓawa. Shi ya sa masu buga Ultimate Ironman, waɗanda aka haramta wa banki gaba ɗaya, ake yi musu kallon gwanaye.

A World of Warcraft na kamfanin Blizzard, da ya fito a 2004, ma'aikacin banki bai wuce mai ɗakin ajiya a kasuwa ba. Za ka same shi a manyan biranen wasan, kamar Stormwind ko Orgrimmar ko Ironforge. Zinarenka na jikinka, kuma in an kashe ka ba a kwashe maka kaya, sulkenka ne ke lalacewa kaɗan ka biya kuɗin gyara. A tsarin Classic, wato wasan a siffarsa ta asali, gurbi 24 yake ba ka, ƙari sai ka saya, farashin na hawa daga azurfa 10 zuwa zinare masu yawa. Ƙarancin wurin ne ya sa 'yan wasa ke ƙirƙirar wani jarumi na daban, su girke shi kusa da akwatin wasiƙa da gidan gwanjo, ya zama ma'ajinsu. Bankin ƙungiya sai a 2007 ya zo, bankin da duk jarumanka ke tarayya a kansa kuwa sai 2024.

A ganina na RuneScape ya fi, nesa ba kusa ba, don da shi ake tsara duk fita da dawowa. Na Warcraft kana iya daɗewa ba ka leƙa shi ba.

In RuneScape ɗin za ka fara, yana nan a waya tun 2018, kuma akwai ɓangaren da ake bugawa kyauta. Ranar farko ka yi wa ma'aikacin banki magana ya sa maka lambar sirri mai lamba huɗu. Ko ɓarawo ya shiga asusunka, cire ta sai ya jira kwanaki, kafin nan kana da damar ƙwato abinka.