Zaɓen Ƙwayoyin Maganaɗisu Don Tace Furotin: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Ƙwayoyin maganaɗisu da ake ware furotin da su duk tushensu ɗaya ne: ƙananan burbushin tsatsar ƙarfe, galibi Fe3O4, waɗanda ba su wuce nanomita 20 zuwa 30 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Ƙanƙantar nan ce ke sa su bi maganaɗisu idan an kusanto da shi, su kuma warwatse cikin ruwa da zarar an janye shi. Abin da ya bambanta haja da haja shi ne girman ƙwayar da aka curo daga burbushin, da kuma abin da aka lulluɓe bayanta da shi don ya kama furotin ɗin.

Maganar girma ita ce masu saye suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali ita ke tsara yadda aikin zai gudana. Ƙwayoyi 'yan nanomita 50, irin na tsarin MACS na kamfanin Miltenyi Biotec da ke Jamus, suna daɗewa a ruwa ba su kwanta ba, amma maganaɗisun tebur ba ya iya janyo su da sauri, sai an bi da su ta wani bututu na musamman wanda ake saye daban. Dynabeads, waɗanda suka samo asali daga aikin Farfesa John Ugelstad na ƙasar Norway a 1976, kuma yanzu Thermo Fisher ke sayar da su, suna zuwa da girman maikuromita 1, da 2.8, da 4.5 (maikuromita ɗaya nanomita dubu ne). A kowane girma kansu ɗaya, ba su da ramuka a jiki, saboda haka datti ba ya maƙalewa sosai, kuma cikin minti ɗaya ko biyu sun taru a jikin kwalba. Na uku su ne na agaros, wani sinadari mai kama da jeli da ake samu daga ciyawar teku, irin Mag Sepharose na Cytiva, manya masu ramuka kamar soso, waɗanda ke ɗaukar furotin mai yawa amma suna buƙatar wanki da haƙuri. A ganina, wanda ke neman ɗan furotin mai tsabta don gwajin ganowa ya ɗauki na tsakiya, wato Dynabeads, wanda kuma yake son tara miligiram da dama ya nufi agaros. Kalmar nano da aka rubuta a jikin kwali ba ta nuna cewa hajar ta fi kyau.

Sai abin da aka lulluɓe ƙwayar da shi, wanda furotin ɗin da ke hannunka ne zai yanke hukuncinsa. Idan an ɗaura masa jelar histidin shida, wato ɗan guntun da ake ƙara wa furotin don ya manne wa ƙarfe, ƙwayoyin nikel na Ni-NTA su ne mafi sauƙin kuɗi, kuma ana sako furotin ɗin daga jikinsu da sinadarin imidazol mai ƙarfin kusan milimola 250. Na kobalt ba sa kama da yawa kamar nikel, sai dai abin da suka kama ya fi tsabta. Dukansu biyun EDTA, wani sinadari mai kama ƙarfe da akan zuba a ruwan aiki, na kwashe musu ƙarfen, don haka a duba ruwan da aka fasa ƙwayoyin halitta a ciki tun kafin a yi oda.

Mai aikin antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki, zai zaɓa tsakanin ƙwayoyin da aka lulluɓe da Furotin A da na Furotin G, kuma nan ne ake yawan asarar kuɗi. Furotin A yana kama antibodin zomo sosai, da yawancin nau'in antibodin ɗan Adam da ake kira IgG, amma ban da reshensa na IgG3. Furotin G ya fi dacewa da IgG1 na ɓera, da na akuya da tunkiya. Ana sako antibodin da ruwa mai tsami, wajen 3 a ma'aunin tsami na pH, wanda dole a sassauta shi nan take kada antibodin ya lalace. Sitireftabidin kuwa, wani furotin da ake lulluɓe ƙwaya da shi, riƙonsa ga bayotin, wani bitamin da ake ɗaura wa abin da ake son kamawa, na daga cikin mafi ƙarfi da aka sani a halitta, abin da ke sa ya yi kyau wajen kamu, ya yi wuya wajen saki. Wanda yake son furotin ɗinsa ya dawo da ransa ya yi tunani kafin ya saye shi. Ƙwayoyi masu sinadaran ɗauri na kabokzil ko tosil a bayansu, waɗanda mutum ke ɗaura musu abin kamu da kansa, sun fi dacewa da ɗakin gwajin da zai maimaita aiki ɗaya sau da yawa.

Wajen kwatanta farashi, a lissafa kuɗin kowane miligiram na furotin da ƙwayoyin za su kama, domin mililita ɗaya ta wani kamfani ba daidai take da ta wani ba. A haɗa da kuɗin mariƙin maganaɗisun niyodimiyam da ya dace da girman kwalaben ɗakin. Yawancin ƙwayoyin ana adana su ne tsakanin digiri 2 da 8 na ma'aunin Selsiyas, kuma daskarewa na ɓata su, saboda haka ɗakin gwajin da ke Kano ko Yamai, inda kaya ke daɗewa a hanya kuma wutar firji ba ta da tabbas, ya fi kyau ya tambayi dillali yadda zai kawo su cikin sanyi, ya kuma fara da ƙaramar kwalba ya gwada a kan samfurinsa kafin ya sayi babba.